Zebo Ba Ta Waiwayo Ba

Kuva, farkon kaka

Zuwa ga matata Gulchehra,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinki, ina fatan kina lafiya, ke da tsohuwar da kike jinya a can Istanbul. Yaya ciwon bayan nan naki? Mu nan lafiya lau. Inna tana gaishe ki. Rumman ya nuna har rassa na taɓa ƙasa.

Na ga gara in rubuto miki, don a waya ba na sakewa. Ke kina sauri kar tsohuwa ta farka, ni kuma Inna na gefena tana gyara mini magana.

'Yarki Zebo ta koma makarantar reno, yanzu tana ajin manya. Malamarsu Nasiba-opa ta tara iyaye, duk mata sai ni kaɗai namiji, na zauna a kujerar yara gwiwoyina har haɓa. Ta ce karatun kaka bai tsaya a aji ba, sai mun taya su a gida. Kowane yaro ya tsinto ganye, ya ware ja daban, rawaya daban, ya manna a takarda. A ɓare rumman a bar shi ya ƙirga 'ya'yan. Ni da na saba da sifana da baƙin man tarakta, ga ni da gam a yatsu! Zebo ta yi zakara da ganyen inabi, ta ce ni ne, wai don na fi kowa tashi da wuri.

Wasa ɗaya ne ta ƙi. Ana zuba wake a gwangwani ɗaya, shinkafa a wani, yaro ya rufe ido, a girgiza masa ya faɗi wanne ne. Na girgiza, sai ta buɗe ido ta ce, "Baba, ai ba ka girgiza ba." Na yi dariya, ita kuwa ta fashe da kuka. Kwanan nan ma sai a yi ta kiranta ta yi banza da mutane. Inna ta ce kewarki ce ta sa ta kunnen ƙashi, zai wuce.

Ki kula mini da kanki.

Mijinki,
Bahtiyor

Kuva, tsakiyar kaka

Maman Zebo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Kafin ki karanta sauran, ki sani Zebo lafiyarta ƙalau, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Ki zauna tukuna.

Ranar Lahadi muka fita tsintar ganye a hanyar gonakin auduga, don Nasiba-opa ta ce a kawo manya-manya za a yi wa yara rawani da su. Ina tsugune ina cusa ganye a jaka, iska ta ɗauke mata wani ja, ta bi shi har tsakiyar titi. Sai ga babbar mota shaƙe da auduga ta taho ta bayanta. Direban ya yi ta danna hon, har karnukan gidan maƙwabcinmu Hamrokul suka ɗauki haushi. Na ƙwala mata kira da duk ƙarfina. Gulchehra, ba ta waiwayo ba. Ta sunkuya abinta tana ɗaukar ganyen. Ban san yadda na kai gare ta ba, na dai ji ni kwance a kwalbati, tana kan ƙirjina, ƙaurin birki ya cika wurin. Direban ya diro ya ce, "Kai, malam, 'yar taka kurma ce?" Na tashi zan kai masa duka, sai kalmar ta riƙe mini hannu.

Da muka koma gida ban gaya wa Inna ba. Na bar Zebo ta zauna tana jera ganyenta, na zagaya ta bayanta na saki murfin tukunya a ƙasa. Inna ta zabura daga madafi tana salati. Zebo ko gezau.

Washegari na tsaya bayan an tashi yara, na tambayi Nasiba-opa. Ta ce da ma tana neman yadda za ta faɗa mini. Wai in ana waƙa Zebo bakin yara take kallo, sai sun fara take bi. In malama ta juya wajen allo tana magana, sai yarinyar ta zauna kamar an bar ta ita kaɗai a ɗakin.

Kin tuna zazzaɓin da ta yi da bazara, bayan tafiyarki, wanda ta yi ta riƙe kunne? Tun lokacin ke nan fa. Duk tsawon watannin nan tana cikinmu tana karanta fuskokinmu, mu kuma muna ce mata mai taurin kai.

Tsoro nake ji, Maman Zebo. Ko a wurin aiki na ji ƙarar mota sai in waiwaya ina nemanta. Na hana ta leƙa ƙofar gida. Zan kai ta birnin Fargana wajen likitan kunne. Ki yi mana addu'a.

Naki,
Bahtiyor

Kuva, bayan dawowarmu daga Fargana

Gulchehra tawa,

Assalamu alaikum. Yaya jikinki? Kin dai ci abinci? Kukan da kika yi a waya bai bar kunnena ba har yanzu. Ga bayanin da na kasa yi miki.

Likitan ya sa mata abin sauraro a kunnuwa, ya ce duk lokacin da ta ji ƙara ta ɗaga hannu. Ta yi ta ɗagawa daidai, har na fara murna. Sai ya lura hannunsa take kallo, da ya motsa sai ta ɗaga. Ya juya mata kujera ta fuskanci bango. Daga nan hannun nan bai ƙara tashi ba sai can ba a rasa ba. Tana zaune tana jira, ni ina bayanta ina jin ƙarar daga inda nake.

Ya ce kunnen hagu zazzaɓin ya taɓa jijiyarsa, ba ya sa rai da shi. Na dama kuwa ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnen, za a yi 'yar tiyata a zuƙe shi a sa wani ɗan bututu. Ya ce ƙaramin aiki ne, amma sai an yi mata allurar barci. Na tambaye shi, in bai yi ba fa? Ya ce mu yi tukuna. Wannan "tukuna" ɗin nake ta nanatawa har muka iso gida.

Inna ta daina cin abinci, wai man da ta ɗumama ta ɗiga wa Zebo a kunne lokacin zazzaɓin ne ya jawo. Likitan ya ce man bai yi magani ba, bai kuma yi ɓarna ba, amma ta ƙi yarda. Sai ta zauna ta yi ta shafa kan Zebo.

Nasiba-opa, Allah ya saka mata, ta maido Zebo gaban aji. Ta ce a gida in riƙa durƙusawa ina kallon idonta kafin in yi magana, kar in yi mata tsawa. Ta canja mata aikin gida zuwa na hannu da ido. Yanzu muna ware ƙwayar kabewa da ta masara, muna jera tuffa daga ƙarami zuwa babba. Jiya ta kama fuskata da hannu biyu ta ce, "Baba, ka daina haɗiye magana." Na ce to.

Kin ce za ki bar komai ki taho. Ban hana ki ba, amma an sa ranar aikin a makon gobe, kafin ki samu wadda za ta riƙe miki tsohuwar an riga an yi shi. Ni zan riƙe ta har ƙofar ɗakin.

Mijinki mai begenki,
Bahtiyor

Kuva, ƙarshen kaka

Maman Zebo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin samu barci bayan wayar ranar nan. Mu ma mun fara samu.

Abin da ban faɗa miki ba shi ne yadda aka karɓe ta daga hannuna ranar tiyatar. Da aka sa mata abin shaƙa, jikinta ya saki a hannuna lokaci ɗaya, kai ya langaɓe. Na san barci ne, amma na kasa barin wurin, sai wata ma'aikaciya ce ta zaunar da ni. Ban iya wata addu'a ba sai kiran sunan Allah. Da aka fito da ita da auduga a kunne, ta daɗe ba ta motsa ba. Ta farka ta yi amai, ta nemi gurasa.

Na hagu dai ya tafi, likita ya tabbatar. Na dama kuma ya ce mu sa ido, kar ruwa ya shiga, kar mura ta kama ta, don yana iya sake toshewa. Kin ga tsoron bai ƙare ba, da shi za mu shiga sanyi. Kwanakin farko ma ba ta nuna alamar jinta ya dawo ba, ni kuma na kasa gwada ta, don kar in ga abin da ba na son gani.

Shekaranjiya da la'asar muna shan shayi aka fara ruwa. Sai Zebo ta saki kofi ta shige ƙarƙashin bargo tana ihu, "Baba, wasu na jifan rufinmu!" Na ce babu kowa. Ta ce wallahi akwai, kuma suna da yawa. Inna ta kalle ni, na kalle ta. Na toshe mata kunnen da auduga, na ja mata hula, na ɗauke ta zuwa bakin rumfa na nuna mata ruwan yana dukan kwano. Ta daɗe tana kallo, ta karkata kai ta dama. Can ta ce, "Da ma haka yake da surutu?" Inna ta rufe fuska da gyale tana kuka tana dariya. A ranar Inna ta cinye kwanon palov, dafa-dukan shinkafarmu, ita kaɗai.

Inna da Nasiba-opa suna gaishe ki. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mijinki har kullum,
Bahtiyor