Ƙodar da Ka Bayar

Ƙanena,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da falsafarka. Har yanzu kuna zama aji guda kuna gardama a kan mene ne kirki? Allah ya ba ku abin yi.

Ba zolaya ta sa na ɗauki biro ba. Ƙodojin Auta sun daina aiki. Muna ta zarya asibiti ana yi masa wankin ƙoda, ƙafafunsa sun kumbura, ko silifas ba ya shiga. Likita ya ce sai dashe. Ni ciwon suga ya hana ni, Umma kuma ta tsufa. Kai kaɗai ka rage. Ka zo a gwada ka.

Ka huta lafiya.
Yayarka

Yaya,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, na kwana biyu ina rubuta wannan ina yagawa.

Bara mun karanta wani ra'ayi da ke cewa ciwon baƙo da ciwon ɗan'uwanka nauyinsu ɗaya, fifita naka son kai ne kawai da aka yi wa ado. 'Yan ajinmu suka rubuta a jarrabawa suka manta. Ni na nemi inda zan ƙaryata shi, na rasa. Hutun da na ce miki bincike ya riƙe ni, a gadon asibiti na yi shi. Na ba wani direban babbar mota ƙodata, mai 'ya'ya huɗu, ban taɓa saninsa ba. Ɗaya ta rage mini, kuma likitoci ba za su taɓa ta ba. Na roƙe su jiya.

Abin da ke cin raina, Yaya, har yanzu ban ga kuskuren hujjar ba. 

Ki gaishe da Umma.
Ƙanenki

Ƙanena,

Na gaishe ka. Na ji haushinka. Sadaka ka yi, bakina ba ya iya zaginka, zuciyata kuma ta ƙi sa maka albarka.

Na yi wa Auta ƙarya, na ce jininku bai zo ɗaya ba. Ka duba littattafan naka ka ga wane suna suka ba wannan.

Jiya bai iya tashi zaune ba. Ya ce in gaya maka kada ka damu, wai ya san halinka: da jinin ya dace, da duka biyun za ka ba shi.

Sai wata rana.
Yayarka