Hanta a Hular Kaka

Dutse, farkon watan Babbar Sallah

Zuwa ga taubashina Maharazu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Na ba Falalu direba wannan takarda saboda wayarku ta ƙauye sai mutum ya hau bishiya take shiga.

Albishirinka, waƙarmu ta Sallah ta fito! Baitocin da ka rubuta a kan Kaka na kai wa Zuhair mai situdiyo, na rera, ya sa mata kalangu. Da muka zo wurin da Kaka ya ɓoye gasasshiyar hanta a hularsa don kada mu jikoki mu gani, sai da aka tsayar da ɗauka, don dariya ta hana Zuhair aiki. Gyara ɗaya na yi. "Kaka" ya ƙi zama a kan kiɗan, sai na sa sunansa:

Nata'ala, hanta a hula,
Mai na ɗiga, ya ce zufa ce!

Kada ka haɗe rai, malamin makaranta. Na san mace ba ta faɗin sunan miji, amma wannan tsohon tun ina rarrafe yake kirana amaryarsa, yana cewa tuwona ba ya ciwuwa, ko ɗankwali bai taɓa saya mini ba. Bana zan rama.

Ɗinkin Sallah ya yi mini katutu, ba zan samu zuwa ba. Na turo waƙar a katin waya. Ka sa masa bayan an sauko daga Idi, ka gaya mini abin da ya ce.

Ka gaishe da kowa da kowa.

Uwarɗakinka,
Zulfa

Buji, bayan Sallah

Zuwa ga Zulfa,

Wa'alaikumus salam. Barka da Sallah, da fatan an yi lafiya.

Na sa masa a tsakar gida, ana suyar nama. Ya yi dariya har da hawaye, ya sa aka maimaita. Ya ce, "Ku gaya wa amaryata, da ta iya miya ai da ban ɓoye hanta ba." Ranar kam mun sha daɗi, da a nan abin ya tsaya da ba ki ga doguwar takarda ba.

Ranar kasuwa na raka shi. Muna shiga sai na ji muryarki tana tashi daga rumfar masu cajin waya. Kafin mu kai layin hatsi yara sun biyo mu suna tafi. Wani ɗan acaɓa da ko gemu bai fara ba ya ɗaga murya ya ce, "Nata'ala, cire hular mu gani!"

Zulfa, mutumin da yake jan sallah a masallacin unguwa, wanda dattawa ke cire takalmi kafin su gaishe shi, sai ya tsaya. Ya cire hular, ya juya musu cikinta, ya mayar. Ko mudu ɗaya bai saya ba muka juyo. A hanya magana ɗaya ya yi: "In jikana ya tsokane ni, wasa ne. Wannan yaron jikan wa ne?"

Tun ranar bai sake zama a dakalin ƙofar gida ba. Daga masallaci sai ɗaki.

Wa kika tura wa? Ba ɗora miki nake yi ke kaɗai ba. Labarin hantar bai taɓa wuce zaurenmu ba sai da ni na zauna na yi masa amshi mai daɗin riƙewa. Har alfahari na yi da shi, abin da ke damuna ke nan.

Allah ya kyauta. Wassalam.

Maharazu

Dutse

Maharazu,

Sallama da gaisuwa. Na karanta takardarka a shago, na kasa ƙarasa wuyan rigar da ke hannuna.

Ƙawayena na ɗinki na tura wa, su kaɗai. So nake su ji irin kakan da nake da shi. Ban taɓa kawowa a raina cewa wasan namu ne mu jikoki ba, ba na duk mai waya ba. Kai ka rubuta "Kaka", ni ce na sa suna don kiɗa ya zauna.

Na je wurin Zuhair ya goge waƙar a gabana. Ina fitowa na shiga adaidaita, sai ga ta tana tashi, direban yana bi yana bubbuga sitiyari. Ya ce, "Hajiya, kin san wannan? Tsohon nan ya ban dariya." Na kasa cewa kakana ne. Na sauka tun ban isa ba, na tako da ƙafa ina kuka. Magana zarar bunu ce, ni kuwa har kalangu na sa mata.

Ga hula nan a hannun Falalu, na zaɓo mai kyau. Ka ba shi, ka ce amarya ce ta aiko biko tunda ango ya yi yaji. Ya ce zai sake ni, ya ce tuwona ko akuya ba ta ci, ya faɗi duk abin da ya ga dama. Komai ya ce ka rubuto mini, kada ka rage.

Ka taya ni roƙonsa.

'Yar'uwarka,
Zulfa

Buji

Zulfa,

Assalamu alaikum. Saƙo ya iso.

Na kai masa ɗaki, na faɗi maganar bikon kamar yadda kika ce. Ya karɓi hular da hannu biyu, ya duba aikinta, ya sa albarka. Ya ce bai riƙe kowa a zuciya ba.

Sannan ya ce, "In za ka rubuta, ka ce ina gaida Malama Zulfa'u, na gode ƙwarai."

Na ɗan zauna ko zai ƙara da zancen tuwo. Bai ƙara ba.

Ki huta lafiya.

Maharazu