Takardar Katifa

Daren Laraba, unguwar Ali Kazaure

Talatu, don Allah bar wanke-wanken nan ki saurare ni, ki rubuta mini saƙo yanzu. Katifar da ɗana Bala ya saya mini da ƙaramar salla ta lotsa a tsakiya, bayana kamar an daka. Yau na ja ƙafa har shagon. Mai katifa ya ce, "Mama, garantin shekara biyu ne, kawo takardar mu canja miki." Ni kuwa ranar da sanyin nan ya matsa, da ita na hura gawayi. Ina na san ita ce? Sau uku Bala yana cewa, "Inna, adana ta." Kada ki kira shi tukuna. Yayarsa Hajara za a fara gaya wa, ita kaɗai yake jin nauyi.