Nonon Basilia

Buenos Aires, Fabrairu

Ƙanwata Basilia,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ke da Mama da 'yarki Dalila. Ki ce wa Mama ta sa mini albarka.

Ga gwangwanayen madarar ɗana Selmito nan na ba Don Crispín direba. Ta waken suya ce, tunda kun ce ta shanu tana sa shi amai. Matar da nake wa aiki irinta take ba jikanta, yaron kamar ya fashe don ƙiba. Ki dama yadda aka rubuta a jiki, ban da ƙirƙire-ƙirƙirenki. Ni na bar ɗana yana wata biyu na zo wanke bayin wasu, aƙalla abin da zai shiga cikinsa ya fito daga hannuna.

Yayarki,
Zunilda

Caaguazú, Maris

Yaya,

Muna gaishe ki, Mama ta sa albarka. Ki zauna kafin ki karanta.

Madararki ba ta karɓi Selmito ba. Gudawa ya yi ta yi, har da majina da jini a ƙyallensa, ya rame sai idanu. Likita ta ce hanjinsa ne ya kumbura, wai yaran da madarar shanu ke wa illa, da yawansu ta waken suya ma haka take musu. Ta ga Dalila a ƙirjina, ta ce, "Ke ba ga nono nan ba?" Yaya, na ba shi. Ya kama kamar dama jira yake.

Sai dai an hana ni madara da cuku da duk abin da ke da waken suya, don suna bi ta nono. Ki duba fa, ni mai sayar da chipa, burodin nan namu na rogo, a bakin titi, in kwaɓa garin rogo da cuku da hannuna, in gasa, ko ɗanɗanon gishiri ba dama! Jinin ya tsaya dai.

Taki,
Basilia

Buenos Aires, Afrilu

Basilia,

Ina gaisuwa. Na gode wa Allah da ya samu sauƙi, wannan na faɗa, kada a ce ban faɗa ba.

Amma wa kika tambaya? Tun muna yara haka kike, abin da duk na ɗauka sai ya fi kyau a hannunki. Na san yanzu duk unguwa zancenki ake, Basilia mai zuciyar zinariya, ga kuma Makon Ista, kowa na cin chipa ke kina haɗiyar yawu a gaban jama'a don a gani. Ke chipa kika bari, ni ɗana na bari, wa ya yaba mini? Nonona ciwo ya yi ta yi a cikin mota har na iso garin nan, na ɗaure shi da tsumma har ya kafe.

Kishi nake, eh, ba zan ɓoye ba. Na sayo wata madarar waken suya ta wani kamfani dabam. Ki gwada masa.

Zunilda

Caaguazú, Mayu

Yaya,

Gaisuwa. Na bi maganarki don kada ki ce na ƙwace miki ɗa. Kwalba ɗaya na ba shi. Kafin la'asar ya yi ta amai har ya yi laushi kamar tsumma, muka kwasa sai asibiti, aka sa masa ruwa. Likita ta wanke ni tas, ta ce waken suya waken suya ne ko wane hoto aka manna a gwangwanin. Mama ta ce in gaya miki, "Ɗa kike so ko gwangwani?"

Ba zan ƙara ba, ko za ki daina yi mini magana har abada. Kuma ki sani, ba daɗi nake ji ba. Biyu ke tsotsona, na zama kamar sandar tsintsiya.

Basilia

Buenos Aires, Yuni

Ƙanwata,

Na gaishe ki. Na karanta takardarki a tsaye a kicin, sai da na zauna a ƙasa.

Ki ci gaba da shayar da shi. Ga busasshen nama da gyaɗa na ba Don Crispín, naki ne, ki ci ki yi jiki. Gwangwanayen ku zubar.

Abu guda nake roƙo, kuma na san rashin kunya ne. Kin samu bakinsa, kin samu barcinsa, ƙamshinki ya sani. Ki bar mini kalma ɗaya. Ran da ya buɗe baki ya ce "mama", kada ki amsa.

Yayarki,
Zunilda

Caaguazú, Satumba

Yaya,

Muna lafiya, Mama na gaishe ki.

Jiya ya faɗa. Ina gasa chipa, ya rarrafo ya kama ƙafata. Ban amsa ba. Ya yi ta faɗa yana kallon fuskata har ya fashe da kuka, ni kuma ina kallon wuta.

Ki zo ki amsa masa. Ba na jin zan iya yin shiru karo na biyu.

Basilia