A Shuka Gero Bana

Yaya Tasi'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da Inna da yara. Yaya mutanen garinmu Kunci, yaya fama da wannan tsada?

Bayan haka, Yaya, hankalina ba a kwance yake ba. Ka san kafin a yi wa Baba aiki an daɗe ana ƙara masa ruwan maganin ciwon daji, ana gasa wurin da na'ura don ƙarin ya motse. To, jiya likita ta kira ni da Kawu Nababa. Ta ce sun auna naman da suka yanko daga bayan tumbinsa, sun ga ciwon ya kai har bakin yankan. Wato akwai saura a ciki, manne da wata jijiyar jini da ba a isa a sa mata wuƙa ba. Sai dai a koma ƙarin ruwa da zarar ya yi ƙarfi.

Kawu ya hana a gaya masa, wai ba a karya zuciyar majinyaci. Shi kuwa tsohon naka, tunda ya ji an cire, ya ɗaure kayansa. Wai damina ta ƙarato, ba a taɓa shuka gandu ba ya nan ba, kuma ba mai sake huda masa hannu. In ya taho gida ba zai dawo ba. Wallahi tsoro nake ji.

Ka gaida Inna, amma kada ta ji tukuna.

Ƙanwarka,
Kaltume

Yaya Tasi'u,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kowa lafiya.

Na gaya wa Baba. Kawu ba ya amsa gaisuwata, na haƙura. Baba bai yi faɗa ba, ya ja carbinsa, sannan ya sa na kwance kayan. Zai zauna a yi maganin.

Ya ba ni saƙo gare ka. Ya ce ka buɗe rumbun iri, kai za ka shiga gaba da sungumi. Gonar bayan gida kuma, wadda tun tasowarmu dawa yake sa mata, ya ce bana a shuka gero. Na tuna masa dawa ta fi auki a wannan shekara ta yunwa. Ya ce ya sani, amma dawa sai kaka ta yi nisa, shi kuwa yana so ya ci tumu.

Tun da ya faɗa na kasa cin abinci. Don Allah, Yaya, ruwan farko ka shuka.

Taka,
Kaltume