Kakin Kawu Cindo

Assalamu alaikum Yaya Habibullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya Fatakwal, ya aiki, ya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah Ya ƙara lafiya, Ya jiƙan mahaifinka da rahama. Nan Gumel kowa ƙalau, Sumayya ta haihu, namiji. Na so in yi maka maganar nan a wasap, amma na san halinka, ba ka ƙarasa sauraron saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuta.

Ranar da na ɗora hoton mahaifinka, Kawu Cindo, a waya, mutanen da ban ma sani ba suka yi ta addu'a. Wani tsoho ya ce tare suka je Laberiya. Ni dai abin da na sani, ya bar Sule Tankarkar yana saurayi ya shiga soja, ya dawo da ɗingishi, ya kama sayar da gero a kasuwa. Labarin yaƙi kuwa ko da wasa ba ya yi, in ka tambaye shi sai ya ce ka ci abinci? Duk Juma'a sai ya fito da kakin nan ya goge da dutsen guga na gawayi, ya ninke ya mayar akwati, kuma ban taɓa ganin ya sa ba.

To kakin da ka ce a ajiye maka ne maganar. Ranar sadakar bakwai Adda, yayarsa, ta kwashe tufafinsa kaf ta rabar, ba ta tambayi kowa ba. Baffa ya ce ai kayan gado ne, amma bakin alƙalami ya bushe. Kakin ya faɗa hannun Ubale mai acaɓa, wanda ya riƙa kai Kawu asibiti. Shi kuma bawan Allah ya zura rigar ya nufi kasuwar Maigatari ran Alhamis. A shingen sojoji na hanya aka tsare shi har la'asar, aka karɓe rigar, wai farar hula ba ya sa kaki. Baffa ya je ya dawo, sun ce ba ta fitowa.

Saura wandon. Ubale ya kawo shi a leda, Adda ta hana shi shigowa da shi ko zaure. Ta ce ba a mayar da sadaka, ladan ya riga ya isa kabarin ƙaninta, ita ba za ta je ta ƙwato ba. Yanzu yana wurin Ubale, ya rasa inda zai sa shi. In kana so, kai za ka roƙe shi da bakinka, zan turo maka lambarsa. Amma don Allah kar ka kira Adda da faɗa, tun rasuwar ba ta cin abincin kirki.

Ka gaida Anti Hidaya da su Jamaluddeen. Baffa da Rabi suna gaishe ka.

Taka ƙanwa,
Mansura