Gidan Tsohuwa Loretta Ya Yi Ɗumi

Yaya Hajo,

Ina gaishe ki da kyau. Ya jikin Inna, ya yaran? Ni a nan Buffalo ta Amurka lafiya lau, sai gwiwa da ke ɗan ƙorafi saboda rarrafe a ƙarƙashin rufin gidaje. Wannan kada ya kai kunnen Inna.

Albishirinki, an ɗora ni a kan abokan aikina. Har yanzu aikin nan ne, gwamnati na tura mu gyara gidajen masu ƙaramin ƙarfi kyauta, mu toshe kafofin sanyi.

Kwanaki muka je gidan wata tsohuwa, Loretta. Ta tare ƙofa ta ce, "Ɗan nan, ni ba mabaraciya ba ce. Ku ƙara gaba."

Na ce, "Mama, ba kin yi ta biyan haraji ba? Kayanki muka kawo miki."

Ta harare ni ta ce, "To, goge takalmanka."

Da na auna na'urar ɗumama gidan, sai ga shi tana fitar da iska mai guba marar wari. Ashe ita ke sa mata ciwon kan da take ɗora wa tsufa. Muka cire na'urar, muka sa sabuwa.

Jiya na koma dubawa, ta kira maƙwabta tana nuna ni: "Ga wanda ya hana ni mutuwa, ya kuma cinye mini biskit!"

Ki aiko mini man kaɗe, hannuwana sun tsage. Ki gaya wa Inna, akwai masu kwana cikin ɗumi a garin nan saboda ɗanta. Ta ƙara mini da addu'a.

Ƙaninki,
Namadi